Gogen Aro na Gidan Uriarte

Wata baiwar Allah ta rubuto min a ƙarƙashin rubutuna na baya, ta ce in daina wulaƙanta Octavio, wai maza irinsa sun ƙare a duniya. Na gode mata. In tana so zan tura mata lambarsa. Ta dai sani ba shi kaɗai ake aura ba, da mamansa ake haɗawa.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Ludmila Scarpino, shekarata ashirin da shida, haifaffiyar La Plata. Tun ban iya ɗaure igiyar takalmi ba aka cusa min gogen Turawa a ƙarƙashin haɓa. Akwai baƙin tabo a wuyana ta hagu, inda katako ya yi shekaru yana guga. Samari kan ɗauka wani ne ya sumbace ni a wurin. Ina ma. Na gama makarantar kiɗa, na samu kujera a layi na uku cikin masu goge na babbar ƙungiyar makaɗan birni, baƙar riga har ƙasa, ina kaɗa abin da matattu suka rubuta ga masu sauraron da saura ƙiris su bi su. Sai bara na fara rubuta waƙoƙin kaina. Muka haɗa 'yar ƙungiyar kiɗan rok mu uku a garejin gidan su Colo: ita a ganguna, Nacho a jita, ni a goge da waƙa. Mu ne mawaƙa, mu ne kamfani, mu ne masu liƙa takardun talla a bangon mutane.

Gogen da nake kaɗawa ba nawa ba ne. A sana'armu haka ake yi. Goge na ƙwarai ya fi ƙarfin mai kaɗa shi, sai masu hali su saya su ba ka aro, su zo su zauna a sahun gaba suna kallon kayansu. Nawa na gidan Uriarte ne. A Italiya aka sassaƙa shi tun kafin a haifi kakan kakana, launinsa kamar zumar da ta daɗe a kwalba, kuma in ka ja sanda a kansa sai ka ji kamar ka fi yadda kake mutunci. Madam Amalia, uwar gidan, ita ta ba ni shi shekara huɗu da suka wuce. Ɗanta Octavio shi ne shugaban masu goge a ƙungiyarmu, shi ke zama a kujerar farko dab da madugun da ke jagorantar kiɗan. Gogen na shigowa gidanmu Octavio ya biyo bayansa, yadda takardar haraji ke bin sabuwar mota.

Ranar Asabar da safe na farka da ƙarar Mama tana bugun nama. In kuka ji Mama na bugun naman milanesa, soyayyen naman nan mai garin burodi, har maƙwabta na ji, to baƙon da take so ne zai zo. Ta shimfiɗa farin ƙyallen teburin da ba a fito da shi ba tun rasuwar Baba, ta share ƙurar hotonsa da ke kan fiyano, ta sa shuɗiyar rigarta mai maɓallan lu'ulu'un ƙarya. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

“Je ki cire wandon nan.”

“Me ya yi?”

“Gwiwarki a waje take.”

“Haka aka sayar min da shi, Mama.”

“To an cuce ki. Ki sa koren siket ɗin nan, ki ɗaure gashin nan. Kin zama kamar wadda ta faɗo daga bas.”

Ban canja wandon ba, na dai ɗaure gashin. A gidanmu haka ake sulhu, kowa ya rasa rabi.

Octavio ya iso a kan lokaci, don bai san wata hanyar isowa ba. Farar riga ta sha guga, takalmi ruwan ƙasa, furanni a hannu ɗaya, kwalin kek a ɗayan. Ya sumbaci Mama a kumatu.

“Mama Mirta, tun daga kwana ƙamshin nan ya tare ni.”

“Kai dai ka iya magana. Zauna, ɗana, zauna.”

Kada in zalunce shi. Octavio kyakkyawa ne, ba ya ƙarya, ba ya ɗaga murya, kuma ba a taɓa jin yatsansa ya kuskure a gaban jama'a ba. Matsalarsa ɗaya ce: yana sauraronka ne kamar mai jiran inda za ka yi kuskure ya yafe maka.

Mun fara cin abinci ke nan ya ajiye wayarsa kusa da farantina. Bidiyonmu ne na gareji. Ga ni nan gashi a barbaje, gumi na zuba daga haɓata yana bin katakon gogen, ga kwalbar giyar Nacho a kan lasifika bai fi taku ɗaya daga gwiwar hannuna ba.

“Mamata ta gani,” in ji shi.

“Wa ya tura mata?”

“Ludmi, rabin garin nan ya gani.”

“Waƙar ta yi mata?”

“Ba ta kunna sautin ba. Gumin take kallo.”

Mamata ta tura masa dankali kamar dankali zai gyara zancen. Shi kuwa ya goge bakinsa, ya sa hannu a aljihu, ya ajiye wani ɗan ƙaramin akwati tsakanin burodi da salak. Ba sai na faɗa muku abin da ke ciki ba.

“Mun yi magana da mamata,” ya ce. “Ranar aurenmu gogen ya zama naki. Ba aro ba. Naki, da sunanki.”

Mama ta dafe ƙirji ta dubi hoton Baba, wai shi ma ya shaida.

Zan faɗa muku gaskiya, don a nan kaɗai nake faɗarta. Zoben bai motsa ni ba ko kaɗan. Gogen ne. Shekara huɗu muna kwana ɗaki ɗaya, na san inda yake fushi in an yi sanyi, na san yadda yake buɗe murya bayan an jima ana kaɗa shi, kuma kullum da safe ina tuna na wasu ne. Na kalli Octavio na ce a raina: mutum ne mai tsabta, ba zai dake ni ba, mata nawa suka yi aure a kan abin da bai kai wannan ba.

“Da sharaɗin me?” na tambaya.

“Babu sharaɗi. Sai dai goge irin wannan ba a kai shi gareji, ba a kai shi fili, ba a maƙala masa waya a jona shi da lasifika. Wannan ba sharaɗi ba ne, hankali ne.”

“Gobe da yamma muna da wasa a filin tsohuwar tashar jirgin ƙasa.”

“Na sani. An liƙa tallan a bangon gidanmu.”

Aikin Colo ne wannan, ko ba a faɗa min ba.

“In waƙa kike so, ki yi a gida, ni zan saurara,” ya ci gaba, muryarsa a tausashe. “Amma bari in faɗa miki a matsayin mai kunne. A goge, irinki ba su da yawa a ƙasar nan. A waƙa, muryarki ba ta wuce masu sauraron layi na biyu.”

Da ƙarya ya yi da na yi dariya. Gaskiya ya faɗa. Ni da gogen a maƙale a wuya nake waƙa, in kaɗa layi, in rera layi, kaina a karkace, haɓata a danne. Colo ta sha cewa muryata kamar daga ƙarƙashin gado take fitowa. Na sha gwada sauke shi, amma da zarar wuyana ya ji iska sai in ji kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Na tashi na shiga ɗaki, na ɗauko akwatin gogen, na ture salak na ɗora shi a kan farin ƙyallen Mama.

“Ka kai wa mamanka kayanta.”

“Ludmila,” in ji Mama. In ta kira sunan gaba ɗayansa, magana ta ƙare ke nan.

Octavio bai yi fushi ba. Ya buɗe akwatin, ya juya gogen a haske yana duba ko'ina, ya sassauta izgar sandar da na manta ban sassauta ba, ya rufe.

“Gobe zan zo da shi,” ya ce. “Zan tsaya a gaba. Ba sai kin ce komai ba, na san ba kya son magana a gaban mutane. In kin miƙo hannu zan ba ki, ni kuma na samu amsata.”

Sai da ya cinye namansa tas ya yaba wa Mama sannan ya tafi. Wannan ma ku rubuta masa cikin kyawawan halaye.

Mama ta wanke kwanuka kamar su suka yi mata laifi. Na tsaya a bakin ƙofar kicin da tawul a hannu, ba ta miƙo min ko cokali ba.

“Ubanki shekara talatin yana layin ƙarshe da gogen da ke kuka kamar ƙofar banɗaki. Har ya mutu bai taɓa riƙe irin wannan ba. Ke an kawo miki har kan tebur.”

“Da mutum a haɗe.”

“Komai da mutum yake zuwa a haɗe. Kina tsammani fiyanon can daga sama ya faɗo? Da ubanki ya zo.”

“Ai kin so shi.”

“Daga baya. So daga baya yake zuwa, in ya ga dama. Kuma ina gama sabawa da shi ya tashi ya mutu ya bar ni da ke.”

“Ina gogensa?”

Ta kashe famfo.

“Saman kwaba, bayan kwalin bishiyar Kirsimeti. Ɗauka. Bai taɓa yi wa kowa rana ba.”

Na hau kujera na sauko da shi. Akwatin na warin tsohuwar takarda da sigarin da Baba ya rantse ya daina sha. Tsirkiyoyin nan huɗu sun yi baƙi, tun na hannunsa ne. Na ce ba komai, ina da sababbi. Sai na tuna inda sababbin suke: cikin aljihun akwatin da Octavio ya fita da shi. Ga shi yammacin Asabar, shagon da ke sayar da su sai Litinin. Na ɗaure tsofaffin a hankali ina lallashi, na ja sanda. Mama ba ta yi masa ƙazafi ba.

Na ɗauki waya na rubuta wa Colo.

Ni: Gogen ya tafi.

Colo: Saurayin fa?

Ni: Gobe zai zo da shi, wai zai tsaya a gaba.

Colo: Ɗan dako ya koma? Ce masa ya zo da wuri ya taya ni sauke ganguna.

Ni: Ba wasa nake ba. Na Baba zan kaɗa.

Colo: Yana ƙara?

Ni: Ƙara kam yana yi.

Colo: To rok ke nan, gimbiya. Je ki huta.

Ina ajiye wayar wani saƙon ya shigo, daga Octavio. “Gobe za a yi danshi. Kada ki cika wa sandar ƙaro.” Mutumin da ya nemi aurena da rana, abin da ya samu ya rubuto ke nan. Ban amsa ba. Amma ban cika ƙaron ba, don gaskiyarsa ce.

Ranar Lahadi na sa jar riga mara hannu, wandon jiya, da manyan takalman Colo da suka fi ƙafata. Na saki gashin. Mama ta gan ni a falo ta ɗaga jarida ta rufe fuskarta.

Filin tashar ya cika tun rana ba ta karkata ba. Hayaƙin masu gasa nama, 'yan jami'a a zazzaune a kan tsohon layin dogo ana zagaya ƙoƙon shayin mate, karnukan unguwa na bin ƙafafun mutane. Ƙungiyoyi da yawa ne za su yi wasa, mu ne na uku. Mai kula da na'ura ya maƙala wa gogen Baba waya da salatif, ya ce in ja sanda. Na ja. Ya dube ni, ya dubi gogen.

“Haka yake, ko faɗuwa ya yi?”

“Haka yake.”

“Allah ya ba da sa'a.”

Daga bayan dandamali na leƙa. Ga Octavio a gaba dab da katako, ya rungume akwatin a ƙirji, wani ƙato mara riga a damansa, 'yan mata masu koren gashi a hagunsa. Colo ta leƙo ta kafaɗata tana tauna cingam.

“Wancan ne? Kamar wanda ya zo karɓar gawa.”

“Colo.”

“Kyakkyawa ne dai. In kin gama da shi kada ki yar, ki ajiye min.”

Can gefe kuma, kusa da wani mai sayar da tsofaffin littattafai, na hango abin da ban zata ba. Mama ce zaune a kujerar ninkewa da ta taho da ita daga gida, cikin baƙar rigar da take sawa in za ta babban zauren kiɗa, jaka a kan cinya, auduga fari tas a kunnuwa biyu.

Waƙar farko ta wuce ba laifi. A ta biyu na gane ba na jin kaina ko kaɗan, gangunan Colo sun cinye komai. A nan na yi wautar da sai ɗan makarantarmu zai yi. Mu an koya mana in ba a jin ka laifinka ne, sai ka ƙara danna sanda, ka ƙara nauyin hannu. Ba wanda ya taɓa gaya min cewa a nan yatsa kawai ake ɗaga wa mai na'ura ya ƙara maka sauti. Mutumin yana zaune yana shan mate yana jira in ɗaga. Ni kuwa na dinga danna tsirkiyoyin da suka yi shekara bakwai suna barci.

Muka shiga ta uku, wadda ke cikin bidiyon nan, mai suna “Layi na Uku”. Tana da wani ɗan zagaye na goge da ke dawowa bayan kowane baiti, shi ne ƙashin bayan waƙar. Na kaɗa shi sau ɗaya. A na biyu na ji ɗas. Tsirkiya ta tsinke ta tsarge ni a kumatu, ɗan jakin katakon da ke ɗage su ya kife ya faɗi ƙasa, sauran ukun suka kwanta lakwas. Gogen Baba ya yi shiru, karo na farko da ya yi wa wani alheri.

Ku tsaya in gaya muku wata al'ada tamu, in ba haka ba za ku ce da gangan na yi. A babbar ƙungiya, in tsirkiyar mai kaɗa a gaba ta tsinke ana tsakiyar kiɗa, ba a tsayawa. Juyawa yake ya miƙa wa shugaban masu goge nasa, ya karɓi na shugaban, shi kuma ya karɓi na bayansa, a yi ta turawa har layin ƙarshe. Tun muna yara ake horar da mu a kan haka har ya zama ba da kai ake yi ba, da hannu ake yi. Kuma shugaban masu gogen da hannuna ya sani, ga shi nan tsaye a gabana.

Ya riga ya buɗe akwatin. Kunnensa ya ji tsirkiyar na shirin tafiya tun kafin ni in ji. Ya ɗago gogen da hannu biyu, wuyansa ta wajena, daidai yadda ake miƙawa. Rana ta faɗa a kan katakon nan mai launin zuma.

Hannuna ya tafi. Ban aike shi ba, ya tafi. Na durƙusa a bakin dandamali, yatsuna suka taɓa wuyan gogen, santsin nan da na sani kamar tafin hannuna. Ta gefen ido na ga Mama ta miƙe tsaye. Colo ba ta tsaya ba, Nacho na ta maimaita zagaye ɗaya yana kallona ido waje. Na ce a raina: waƙa ɗaya kawai, in gama, gobe a yi maganar aure. Haka ake cewa. Na tabbata Mama ma haka ta ce a kan fiyano.

Sai Octavio ya yi abin da ya saba. Ya ja numfashi ta hanci, ya ɗaga gira, ya sunkuyar da kai kaɗan. Alamar da yake ba mu ke nan a ƙungiya in lokacin shigarmu ya yi: yanzu, ku shiga. A tsakiyar waƙata, wadda na rubuta a kan gadona, yana ba ni izinin shiga. Ba da mugunta ya yi ba. Bai ma san ya yi ba. Abin da ya tsorata ni ke nan, don na ga zai yi min wannan kan a teburin cin abinci, da asibitin haihuwa, da ranar jana'izar Mama, kullum da kirki, kullum a kan lokaci.

Na janye yatsuna. Na ajiye gogen Baba a ƙasa, a kan katako mai ƙura, abin da in malaminmu ya gani sai ya suma. Na miƙe na kama makirfo da hannu biyu, don in ban ba su abin riƙewa ba komawa za su yi.

Wuyana ba komai. Kaina a miƙe, ina kallon mutane da ido biyu maimakon ɗaya da rabi. Na buɗe baki.

Abin da ya fara fitowa ba shi da kyau, kada wani ya yi muku ƙarya. Ya fashe, ya karce, kamar an ja tebur. Amma babba ne. Ban san akwai wuri mai girman haka a ƙirjina ba. Na ji muryata ta fita daga lasifika ta bugi bangon tsohuwar tashar ta dawo min, na ce wace ce wannan.

Na ƙirga shiru har na iya shi,
na jira hannu har na tsufa a kujera,
yau ba wanda zai ce min yanzu.

Baitin ya ƙare, aka zo gurbin goge, ba goge. Na rufe ido ina jiran ramin.

Na manta a ƙasar da nake. Mutanenmu ba sa barin kiɗa ya tafi shi kaɗai, ko zagayen jita ne sai sun rera shi da baki kamar a filin ƙwallo. Ƙaton nan mara riga ne ya fara, da muryar da ta fi ta gogen Baba muni. 'Yan matan masu koren gashi suka kama. Kafin zagayen ya kai rabi filin gaba ɗaya ya ɗauka, o-o-o, o-o-o-o, suna tsalle, ana ɗaga riguna ana juyawa a sama, karnuka na haushi. Kowane lanƙwasa da na yi wata da watanni ina gyarawa a gareji, sun san shi. Ba su yi shi daidai ba. Sun ja inda ba a ja, sun hau inda ake sauka. Na yi shekara ashirin ina neman sauti mai tsabta, ban taɓa jin abin da ya kai wannan ƙazamin daɗi ba.

Colo ta daki ganga kamar tana bin ta bashin rai, tana dariya baki har kunne. Muka maimaita amshin har ban san sau nawa ba. Sauran waƙoƙin ma haka na yi su, hannu biyu a makirfo, inda goge ya kamata ya shiga in nuna musu da hannu su shiga. Da muka gama suka ƙi bari mu sauka, ƙungiyar da ke bayanmu na tsaye da jitocinsu suna harararmu. Wata mata mai gidan wasa a Buenos Aires ta kama Colo a matakala ta ce tana son mu wata mai zuwa, kuma kada mu gyara komai.

Na sauko jiƙe sharkaf, kumatuna na zafi. Mama na tsaye da kujerarta a ninke, audugar a tafin hannunta.

“Kin buɗe baki kamar mai tallan kifi.”

“Kin ji ni?”

“Har da audugar.” Ta ciro hankici ta danna min a inda tsirkiyar ta tsarge ni, da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata. Ta ja baya ta ƙare min kallo. “Ki riƙa tsayawa a miƙe haka. Ashe kina da wuya.”

A wajen Mama wannan lambar yabo ce. Na nemi Octavio a cikin jama'a ban gan shi ba, na ce ya kyauta, ya rage mana aiki.

Muna loda kaya a tsohuwar motar baban Colo, rana na shirin faɗuwa, sai ta kira ni daga kan dandamali.

“Gimbiya, zo ki ga abin da ɗan dakonki ya manta.”

Akwatin ne, a jingine bayan lasifika, a rufe. Na buɗe. Yana ciki, an shafe shi, an lulluɓe shi da ƙyallensa. Octavio da ko banɗaki zai shiga sai ya rataya shi a kafaɗa, ya bar shi a filin tasha tsakanin wayoyi da kwalabe.

Na rufe na ce wa Colo mu biya ta gidan Uriarte tukuna. Da hannuna zan miƙa wa Madam Amalia kayanta, in yi mata godiya, in fito da wuyana a miƙe. Mama ta shiga baya ta zauna tsakanin ganguna, ni a gaba da akwatin a kan cinya. Ba mu kai kwana ta biyu ba wayata ta yi ƙara. Octavio ne.

“Kada ki kawo shi. Na gaya wa mamata na bar miki, ba aure, ba komai. Ban taɓa jin abu irin na yau ba, kuma kin yi ƙasa da sauti a baiti na biyu. Ta ce in gogen bai kwana a gidan nan yau ba, ni ma ba zan kwana ba. Na haɗa jakata.”

Na karanta sau biyu. Colo ta karanta ta gefen ido, ta gangara bakin titi ta kashe mota don dariya ta hana ta tuƙi. Na juya in tambayi Mama yadda za a yi, sai na tarar ta riga ta karanta ta saman kafaɗata, tabarau a kan hanci, wayarta a kunne.

“Octavio, ɗana? Kada ka damu. Akwai gado a ɗakin fiyano.”